Tambaya da Amsa: Yawon Ƙafa a Ƙauyukan Tsaunin Abruzzo na Italiya

Wasiƙun tafiye-tafiye na wannan watan sun taru a kan abu guda, wato yawon ƙafa tsakanin ƙauyukan kan dutse na Italiya. Mun gina amsoshin a kan yankin Abruzzo da ke gabas da birnin Rum, inda jerin tsaunukan Apennine suka fi tsayi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar fata ne a Sharaɗa, harka tana kai ni Italiya, kuma wannan karon ina da kwana uku da ba ni da aiki. Na ga wata hanya da aka rubuta kilomita 10 amma aka ce awa huɗu da wani abu. Ni kuwa kilomita 10 a Kano awa biyu nake yi. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allon bai yi ƙarya ba. Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, shi ya sa muka saba auna tafiya da kilomita kaɗai. A can, abin da ake fara dubawa shi ne mita nawa za ka hau sama, mita nawa kuma za ka gangaro.

Ga lissafin da masu tsara hanyoyin dutse suke yi. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yana cin kilomita 4 a awa a kan miƙaƙƙiyar ƙasa, yana hawa mita 300 a awa, yana gangaro mita 500 a awa. Sai a fitar da lokacin nisa daban, lokacin hawa da sauka daban, a ɗauki wanda ya fi yawa, a ƙara masa rabin ɗayan. A ce hanyarka kilomita 10 ce, da hawan mita 600 da saukar mita 500. Nisa ya ci awa biyu da rabi. Hawa awa biyu, sauka awa ɗaya, jimla uku. Uku ne babba, sai a ƙara masa rabin biyu da rabi, ya zama awa huɗu da kwata. Wannan fa babu hutu a ciki, babu cin abinci, babu sallah, babu tsayawa ɗaukar hoto. Wanda bai saba ba ya ƙara sulusi a kai, ya tsara yininsa a kan awa shida.

Don kwana ukun nan, mu da za ka ji tamu, ka sauka a Santo Stefano di Sessanio, ƙauyen da ke kimanin mita 1,250 sama da teku. Hasumiyarsa ta rushe a girgizar ƙasar L'Aquila ta 6 ga Afrilu 2009, daga baya aka sake gina ta. Daga nan akwai hanyar ƙafa ta kimanin kilomita 5 zuwa Rocca Calascio, tsohuwar ganuwar tsaro da ke kan tsauni a wajen mita 1,460. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ce tafiyar, hawanta ba mai tsanani ba ne, sai dai babu inuwa ko ta rantsuwa, don haka a fita da sassafe. Kusa da ganuwar akwai wata ƙaramar majami'a mai kusurwa takwas, daga nan ake hango filin Campo Imperatore da kwarin da ke ƙasa. Rana ta biyu ka yi ta tsakanin ƙauyukan Calascio da Castel del Monte, ta uku ka huta ko ka hau mota zuwa Campo Imperatore.

Kafin ka tashi, ka ba ƙafarka mako shida. Dutsen Dala da Goron Dutse ba su da tsayin a zo a gani, amma hawa da sauka sau biyar ko shida a jere bayan Asuba, da jakar goyo mai kilo 6 a baya, sau uku a mako, zai nuna maka inda kake. Matakalar bene ma ta isa. Ka fi mai da hankali ga saukowa, domin ita ce ke cin cinya da gwiwa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Rijiyar Zaki, na samu gurbin karatu a jami'ar L'Aquila. Waɗanda suka riga ni zuwa suna ta maganar hawa Corno Grande. Me haruffan T da E da EE suke nufi, kuma sabon zuwa zai iya?

Amsa: Allah ya sanya albarka a karatun. Ƙungiyar masu hawa dutse ta Italiya, CAI, wadda aka kafa a Turin a 1863, ita ce ta kasa hanyoyi haka. T hanya ce mai faɗi da kowa zai bi. E siririyar hanyar daji ce mai alama, tana son takalmin kirki da ɗan juriya. EE ta waɗanda suka ƙware ce: tsakuwa mai zamewa, gefen rami, wuraren da sai an dafa da hannu. EEA kuwa sai da hular kwano da ɗamarar da ake maƙalawa a jikin wayar ƙarfe, wannan ba taka ba ce tukuna.

Corno Grande mita 2,912 ne, babu wanda ya kai shi a duk Apennine. Hanyarsa da aka fi bi tana tashi daga Campo Imperatore a mita 2,130, ke nan hawan kusan mita 800, kuma EE ce. Kada ya zama dutsenka na farko. Fara da ɗakin matafiya na Duca degli Abruzzi da ke mita 2,388, tafiyar da ba ta kai awa ba daga inda ake ajiye motoci. In ka ga numfashinka da ƙafarka lafiya, wani satin ka wuce Monte Aquila. Sai ka yi E da dama kafin ka tunkari babban, kuma ka bi wanda ya san hanyar. Akwai wata hanyar da ake kira direttissima, tana miƙewa kai tsaye ta cikin duwatsu. A taswira ta fi gajarta, shi ya sa take yaudarar baƙi. Ka rabu da ita.

Alamar hanya fenti ne, layin fari da layin ja, a jikin dutse ko bishiya ko bango. A mararraba za ka ga ja, fari, ja, da lambar hanyar da baƙin rubutu a tsakiya. Inda babu abin shafa wa fenti sai a tara duwatsu tsibi. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne sawun tumaki, wanda sau da yawa ya fi hanyar gaskiya fitowa fili. In ka yi minti goma ba ka ga fenti ba, koma inda ka ga na ƙarshe. Kada ka ce bari in yanke ta nan, ƙauyen ai ga shi can. Ƙauyen da kake hange ƙila akwai kwazazzabo mai zurfin mita ɗari tsakaninku.

Sai yanayi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Ranar da Pescara ta bakin teku take digiri 30, ƙolin Corno Grande yana wajen 11, kafin a sa iska a lissafi. Dusar ƙanƙara takan kai watan Yuni a lungunan da rana ba ta shiga. A lokacin zafi hadari yakan taso ne bayan Azahar, don haka a tashi da wuri, a yanke lokacin juyowa tun daga gida, misali ƙarfe goma sha biyu, ko an kai ƙoli ko ba a kai ba. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, sauka daga kan ƙoli da doron dutse, ka nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da duk wani ƙarfe. Hazo kuma yakan rufe Campo Imperatore cikin 'yan mintuna, fili ne fetal babu abin da za ka kama kwatance da shi. Sauke taswira a waya tun kana da sabis, ka riƙe fawa-banki domin sanyi yana zuƙe batir, ka kuma sayi taswirar takarda ta ma'aunin 1:25,000, wadda santimita 4 a cikinta kilomita ɗaya ce a ƙasa.

Tambaya: Zan kai wa 'yata ziyara, mijinta ya ce za su kai ni ƙauyukan dutse. Shekaruna sun haura hamsin, ina da ciwon gwiwa da hawan jini. Wace sutura da takalmi zan tanada? Daga wata uwa a Tarauni.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ki fara ganin likitanki, ki gaya masa za ki kwana a tsayin mita 1,200 zuwa sama, ki kuma ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar. Ki tsaya a hanyoyin T. Zagayen tafkin Scanno da lungunan garin sun ishe ki kallo. Ki sani cewa ƙauyukan kansu matakala ne, titunansu daɓen dutse ne da ya sha sawu har ya yi santsi, da an yi yayyafi sai taka-tsantsan.

Atamfa da shadda auduga ne, suna shan gumi su riƙe shi, da kin tsaya hutawa iska ta buso sai sanyi ya shige ki. A sa kaya hawa uku: ta ciki mai saurin bushewa, suwaita a tsakiya, rigar ruwa mai tare iska a sama. In zafi ya dame ki ki cire ɗaya. Doguwar abaya da hijabi mai jan ƙasa suna da haɗari a wurin hawa, domin ƙafa tana taka bakinsu, iska kuma tana cika su ta rufe miki ganin inda za ki taka. Wando mai faɗi da riga har gwiwa da hijabi iya ƙugu sun suturta, sun kuma bar ƙafa ta sake.

Takalmi ya zama mai rufe idon sawu, mai ƙasan roba mai zurfin zane. A gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi tafiyar da ita, a bar sararin yatsa ɗaya a gaba, in ba haka ba farce zai yi ta dukan bakin takalmi a gangara har ya yi baƙi. A yanke farce, a kuma yi mako uku ana yawo da takalmin a Kano. Da kin ji wani wuri ya fara zafi a diddige, tsaya nan take ki manna filasta kafin ya zama bororo. Silifa kam a bar ta a masauki; a Cinque Terre da ke arewa maso yammacin ƙasar har tara ake cin masu shiga hanyar dutse da ita. Sanduna biyu na tafiya suna rage wa gwiwa nauyi sosai. A ƙara musu tsawo in za a gangara, a rage in za a hau.

Tambaya: An ce min akwai manyan karnuka farare da ke tare hanya. Ni kuwa ko ɗan kwikwiyo ba na so. Gaskiya ne? Daga wani tela a Fagge.

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowacce amfani a yau. Abruzzo ƙasar makiyayan tumaki ce tun fil azal. In kaka ta yi sukan gangara da garke zuwa filayen Puglia a kudu, in zafi ya dawo su hauro. Hanyoyin da suke bi, tratturi, burtali ne irin namu sak, sai dai hukuma ta auna su: manyan faɗinsu mita 111, mafi tsawonsu kuma ya tashi daga L'Aquila zuwa Foggia, kilomita 244. A 2019 UNESCO ta sa wannan ƙaura ta makiyaya cikin al'adun da duniya ta gada. Yawancin ƙauyukan nan da kuɗin ulu aka gina su.

Karen da ke tsaron garken ana ce masa Maremmano-Abruzzese. Fari ne ƙato, an raine shi cikin tumaki don ya kare su daga kyarkeci, kuma sau da yawa za ka iske uku ko huɗu babu makiyayi a kusa. Ba farautar mutum yake ba. Iyaka yake shata maka. Zai taso da haushi ya tsaya tsakaninka da garke.

To ga inda ɗan Kano yake shiga uku: mu da mun ga kare sai mu sunkuya kamar za mu ɗauki dutse. Wannan karen ba ya gudu don an sunkuya, ƙara harzuƙa yake. Kada ka yi jifa, kada ka ɗaga sanda, kada ka ƙura masa ido, uwa uba kada ka ruga. Tsaya cik, ka ɗan juya masa gefe, ka yi magana a hankali, ka bar shi ya gama haushinsa. Sannan ka ja da baya ka kewaye garken da tazara mai yawa, ko da zai ƙara maka minti ashirin. Ratsa tsakiyar tumaki ko shafa ɗan rago shi ne neman magana. In kuna da yawa ku dunƙule wuri ɗaya, yara a tsakiya. Yakan bi ka a baya har ka fita daga yankinsa, sai ya koma.

Kyarkeci ba ya yarda a gan shi. Beyar ɗin yankin 'yan gommai ne suka rage, sun fi zama a gandun dajin da ya haɗa Abruzzo da Lazio da Molise, kuma gudun mutum suke. Kada dai a bar ragowar abinci a hanya, kada a matsa don hoto. Akwai macizai masu dafi dangin kububuwa da ke shan rana a kan dutse. Duba kafin ka zauna ko ka cusa hannu a rami. In an yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kira lambar gaggawa 112. Da dare kuma a duba jiki saboda kaska.

Tambaya: Yaya batun abinci da ruwan alwala da alƙibla? Daga wani malamin Islamiyya a Gwale.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, abincin yankin akwai alade a ciki ta hanyoyin da ido ba ya gani. A riƙe waɗannan sunaye: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, lardo da strutto. Na ƙarshen kitsen alade ne da ake sawa har a wasu burodi da kayan gashi. Taliyar carbonara da amatriciana duk da guanciale ake yin su. Miyar adas (wani ɗan ƙaramin wake) ta Santo Stefano, wadda garin ya yi suna da ita, wani mai girkin yakan jefa mata ɗan yanki don ɗanɗano, kuma a wurinsa wannan ba nama ba ne, kayan miya ne. Don haka a yi tambaya da sunan abin, a kuma tambayi vino, wato giyar inabi, a duk wani farfesu. Taliya da tumatir, ƙwai, kifi, cukun tumaki da 'ya'yan itace sun wadatar. Tsiren yankin, arrosticini, naman tunkiya ne, amma batun yanka Malam ya fi mu sanin hukuncinsa. Mahautan Musulmi a manyan garuruwa ake samun su, ba a ƙauye ba.

Kada a ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Dabino ba shi da matsala, kuma babu guzurin da ya fi shi a hanyar dutse.

Manyan duwatsun yankin, Gran Sasso da Majella, irin wanda ake yin farar ƙasa da shi ne, ruwan sama yana zurarewa ta ƙoƙonsu ya shige ƙasa, sai ka yi awa uku a sama ba ka ga ɗigo ba. A cika gora a famfon dandalin ƙauye kafin a fita. In an rubuta non potabile a jiki, ba na sha ba ne. A lissafa rabin lita ga kowace awa ta tafiya, a ƙara rabin lita na alwala. Kwamin da dabbobi ke sha ba a wanke ƙafa a ciki, a ɗiba a koma gefe.

Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kada a bi abin da aka saba a Kano a fuskanci gabas. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura kwata na dare, alfijir kuma yana ketowa tun wajen uku da rabi. A lokacin zafi agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, da hunturu kuma daidai muke.

Tambaya: In na ji ciwo a dutse, wa zai biya? Daga wani ma'aikacin banki a Zoo Road.

Amsa: Bizar Schengen, wadda ake shiga Italiya da ita, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma karanta ƙananan rubutun takardar. Wasu sun cire hawan dutse, wasu sun sa iyakar tsayi, wasu ba sa biyan kuɗin jirgi mai saukar ungulu. Wasu yankunan Italiya kuma suna cajin wanda aka ɗauko alhali lafiyarsa ƙalau. Lambar gaggawa 112 ce; faɗi lambar hanyar da kake kai da wurin ƙarshe da ka wuce. Manhajar GeoResQ tana aika inda kake ga masu ceto. In babu sabis, busa usur ko haska tocila sau 6 a minti, ka yi shiru minti ɗaya, ka maimaita. Amsar masu ceto sau 3 ce a minti. Kullum ka bar wa mai masaukinka sunan hanyar da lokacin da kake sa ran dawowa.

Tambaya: Wane wata ya fi, kuma ana iya zuwa ba tare da hayar mota ba? Daga wasu ango da amarya a Hotoro.

Amsa: Allah ya ba da zaman lafiya. Tsakanin ƙauyuka, Mayu da Yuni da Satumba zuwa farkon Oktoba sun fi. Manyan ƙololuwa kuwa daga Yuli zuwa Satumba. Makon 15 ga Agusta duk Italiya hutu take yi, masauki ya yi wuya ya yi tsada. Bayan an mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba, wajen ƙarfe biyar rana take faɗuwa.

Mai son tafiyar kwanaki ya duba Cammino dei Briganti, zagaye ne na kimanin kilomita 100 da ake yi a kwana bakwai daga Sante Marie, ana kwana ƙauye-ƙauye. A kama ɗaki tun kafin a taso, domin wani ƙauyen gadajensa ba su da yawa.

Daga tashar Tiburtina a Rum akwai bas zuwa L'Aquila, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, akwai kuma jirgin ƙasa zuwa Sulmona. Matsalar daga nan take farawa. Bas ɗin ƙauye 'yan kaɗan ne a yini, da yawansu lokacin 'yan makaranta suke bi, sai su ragu in an yi hutu, ranar Lahadi kuma wani layin ba ya fita sam. A jadawali, feriale na nufin ranakun aiki, festivo Lahadi da ranakun hutu. Ku tabbatar da motar dawowa kafin ku hau ta tafiya, ku karɓi lambar mai tasi daga masauki. Shagon ƙauye yakan rufe daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, don haka burodi da cukun gobe a saye su yau da yamma, a kuma riƙe tsabar kuɗi, domin ba kowane ƙauye ke da na'urar cirar kuɗi ba.